Andrew Foster: Kurman Da Ya Kawo Wa Kuramen Afirka Makaranta

Masu karatu, a filinmu na tarihin mazan jiya yau za mu waiwayi wani mutum wanda bai taɓa riƙe sarauta ko mulkin ko da unguwa ɗaya ba, bai kuma tara dukiya ba. Idan ka zagaya kasuwar Malanbil tun daga wajen ƴan albasa har bakin gada kana tambaya, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunansa. Amma idan ka ga kurma yana karanta takarda ko yana lissafi da alƙalami a Kwatano, ko Lome, ko Abijan, ko Badun, ka bi salsalar karatunsa, sau da yawa za ta kai ka ga wannan mutum. Sunansa Andrew Foster. Baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka, kurma ne, ya kuma rasu tun shekarar 1987.

An haife shi ranar 27 ga watan Yuni na 1925 a unguwar Ensley ta birnin Birmingham, cikin jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Mahaifinsa leburan haƙar kwal ne. A wancan zamani wariyar launin fata doka ce a kudancin ƙasar: makarantar baƙi daban, wurin zamansu a mota daban, har famfon shan ruwa ma daban. Andrew ya tashi da kunnuwansa garau, yana ji, yana magana da Ingilishi kamar sauran yaran unguwarsu, yana zuwa makaranta. Yana da shekara 11 sankarau ya kama shi tare da ƙaninsa Edward. Dukansu biyu sun tashi, amma jinsu ya tafi, bai kuma dawo ba.

Mu nan ba sai an yi mana bayanin sankarau ba. Arewacin Benin da ƙasar Nijar duk suna cikin yankin nan da ya miƙe daga Sanigal har Habasha, inda cutar ke tasowa idan ƙurar hunturu ta kankama har zuwa zafin bazara. A annobar 1996 kaɗai mutane fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da suka tashi babu ji. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka soma a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Benin a 2012, ta karya lagon nau'in da ya fi kisa a da, sai dai akwai wasu nau'o'in, kamar wanda ya ɓarke a Nijar a 2015. Saboda haka abin da ya sami ɗan leburan kwal a Alabama abu ne da ya sami yara a Gaya da Kandi da Kamba, kuma bai daina ba.

A nan ya kamata mu tsaya kan shekara 11 ɗin nan, domin duk rayuwar Foster a kanta ta ginu. Bahaushe yana da kalmomi biyu, kurma da bebe, kuma ba banza ya raba su ba. Kurma shi ne wanda ji ya ƙwace masa, sau da yawa bayan ya riga ya iya magana. Bebe kuwa shi ne wanda aka haifa babu ji, ko ya rasa shi tun yana goye, bakinsa bai taɓa kama magana ba. Foster kurma ne. Ranar da kunnensa ya toshe, harshe guda cikakke yana nan zaune a kansa. Ya san yadda ake tambaya, ya san bambancin jiya da gobe, ya san yadda ake cewa da abu kaza ya faru da kaza bai faru ba. Ɗan kasuwa zai ce gobara ta ci rumfar, amma jarin yana gida.

An kai shi makarantar kurame baƙar fata da ke garin Talladega, inda ya koyi maganar hannu. Karatun da ake ba baƙi a can bai wuce na firamare ba. Yana da shekara 17 ya tafi birnin Detroit a arewacin ƙasar wajen wata ƴar'uwar iyayensa, lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suna neman hannu. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana karatu. Ya sami takardar ilimin lissafin kuɗi da harkar kasuwanci a 1950, ya kuma kammala sakandare ta hanyar wasiƙa, wato a aiko masa da darasi ta gidan waya, ya yi, ya mayar.

A 1951 ya shiga kwalejin Gallaudet da ke birnin Washinton, babbar makarantar kurame wadda shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar kafa ta a 1864. Karatun shekara 4 ya gama shi cikin 3, ya fita a 1954, kuma shi ake lissafawa a matsayin baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a wannan makaranta. Bai tsaya nan ba. Ya ƙara digiri a fannin koyarwa a jihar Michigan a 1955, sannan ya yi karatun aikin mishan a birnin Seattle a 1956.

Foster Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma niyyarsa tun farko ita ce wa'azi ga kuramen Afirka. Ƙungiyoyin mishan na lokacin ba su ba shi hannu ba, ga shi baƙi ga shi kurma. Sai ya kafa tasa a Detroit a 1956, ƙungiyar mishan ta kuramen Afirka, ya bi garuruwa yana neman taimako. Lissafin da aka saba bayarwa shi ne, a lokacin makarantun kurame 12 ne kacal a duk nahiyar, galibinsu a ƙasashen Larabawa na arewa da Afirka ta Kudu. Mutumin da ya zo da niyyar wa'azi sai ya tarar dole ya fara zama malamin makaranta, domin wa'azi da harshe ake yin sa, kuma yawancin waɗanda ya zo dominsu babu wanda ya taɓa ba su harshe.

Ya sauka a Gana a 1957, shekarar da ƙasar ta sami ƴancin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A unguwar Osu ta birnin Ankara ya ari aji a wata makarantar mishan, yana shiga bayan an tashi yara masu ji. Ɗalibansa na farko ƴan kaɗan ne, yara da manya a haɗe. Da labari ya bazu iyaye suka yi ta kawo ƴaƴansu har wuri ya kasa, aka mayar da makarantar garin Mampong a kan duwatsun Akwapim, ta zama ta kwana. Cikin waɗanda suka kama masa aiki tun farko akwai Seth Tetteh-Ocloo, wanda shi ma bayan ya girma ya kurumce, daga baya ya je Gallaudet ya dawo ya zama jigo a harkar kuramen Gana.

Hanyar koyarwar Foster ta saɓa wa abin da aka saba a lokacin. Tun 1880, a wani babban taro da malaman kurame suka yi a birnin Milan na Italiya, aka yanke shawarar a kori maganar hannu daga aji, a tilasta wa yaro karanta leɓe da fitar da murya. Wannan ra'ayi ya mamaye makarantun Ingila da Faransa shekaru da dama, har Faransa sai a 1991 doka ta ba iyaye damar zaɓa wa ɗansu karatu da maganar hannu. Yaro yakan share shekaru gaban madubi yana koyon furta kalmomi ƴan kaɗan, lokacin da tsararsa masu ji suka yi nisa da lissafi da tarihi. Foster ya shigo da hannu cikin aji gadan-gadan. Yana haɗa alamun hannu da tsara baƙaƙe da yatsu, da rubutu a allo, da motsin baki, duk abin da zai isar da magana ga yaro.

Mutane da yawa a nan suna ɗauka maganar hannu nune-nune ne kawai, irin wanda muke yi da baƙon da ba mu jin yarensa, ka ɗaga yatsu uku, ka nuna buhu, ka girgiza kai. A 1960 wani malami a Gallaudet mai suna William Stokoe ya fitar da binciken da ya nuna cewa maganar hannun Amurka harshe ne mai nahawunsa, wato ƙa'idojin da ke haɗa kalma da kalma su ba da ma'ana. Ga misali. Mai magana yakan ajiye mutane a sararin da ke gabansa: ya sa Audu a dama, ya sa Tanko a hagu. In alamar bayarwa ta tashi daga dama zuwa hagu, Audu ne ya ba Tanko. In ta juyo, Tanko ne ya bayar. In aka maimaita motsin ta wata siga, ana nufin abu ne da aka saba yi. Ɗaga gira tambaya ce mai neman e ko a'a, haɗe gira kuwa tambaya ce irin ta wa, ko me, ko ina. Wanda ya san bambancin saya da sayarwa, da bambancin cin bashi da bin bashi, ya san cewa irin wannan ɗan juyi shi ne ke raba mai gaskiya da wanda za a cuta a gaban alƙali.

Foster bai rayu ya ga binciken da ya fayyace abin da ya yi ta karo da shi a aji ba. A 1990, shekara 3 bayan rasuwarsa, wata masaniya a Amurka, Elissa Newport, ta wallafa gwajin da aka yi wa kurame manya waɗanda kowannensu ya yi aƙalla shekara 30 yana maganar hannu kullum. Kashi uku ne. Akwai waɗanda iyayensu kurame ne, sun tashi da harshen tun haihuwa. Akwai waɗanda suka same shi a makaranta suna da shekara 4 zuwa 6. Akwai kuma waɗanda sai bayan shekara 12 suka same shi. Wajen jera kalmomi bi da bi duk sun iya. Amma wajen juya alamar aiki ta nuna wa ya yi wa wa, da yadda abu ya motsa, da sau nawa, sai aka ga tsani. Ƴan kashin farko suna sama, na biyu suna biye, na uku suna ƙasa, suna yin daidai yanzu su kuskure an jima, suna amfani da alama a sandare ba tare da lanƙwasa ta ba. Shekara 30 na amfani ba ta cike giɓin ba.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, mu ma muna gani. Yaron da aka haifa a Malanbil yakan tashi da Dandanci da Hausa da Zabarmanci ba ka gane wanne ne na gidansu, alhali uban da ya zo fatauci da gemunsa har ya tsufa harshensa bai miƙe ba. Haka wanda ya koyi Hausa da girma yakan ce wa mace ya zo. Gaskiya ne, amma wannan uban yana da Hausarsa a ƙasa, a kanta yake ɗora sabon yare, shi ya sa ko da gwaranci yana iya ƙulla ciniki, ya yi musu, ya ba da labari. Abin da Rachel Mayberry ta bincika ke nan a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ta wallafa a 1993. Ta gwama mutane iri biyu da suka koyi maganar hannu a shekaru ɗaya, wajen ƙarshen ƙuruciya. Na farko irin Foster ne, sun yi magana da baki kafin su kurumce. Na biyu an haife su babu ji, sun kai wannan shekaru ba su da wani harshe. Na farkon suka yi wa na biyun fintinkau wajen fahimta da maimaita dogayen jimloli, duk da cewa na biyun sun fi su daɗewa cikin kurumta. Ashe abin da ke raba su shi ne ko wani harshe ya shiga kan yaro da wuri, na baki ne ko na hannu. Daga baya ita da abokan aikinta sun bi wasu samari da suka fara samun harshe suna wajen shekara 14. Sunayen abubuwa suna kama su da sauri, amma jimlolinsu sukan tsaya gajeru.

Shi kuwa jaririn da ya buɗe ido ya ga iyayensa suna magana da hannu, babu abin da ya rasa. A 1991 Laura Petitto ta nuna cewa irin waɗannan jarirai suna yin gwaranci da yatsunsu a daidai watannin da jarirai masu ji ke yin nasu da baki. Matsalar ita ce su ƴan tsiraru ne. A ƙidayar Amurka fiye da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda ba su taɓa koyon maganar hannu ba. A irin wannan gida akan ƙirƙiro alamu na ci da sha da zo da tafi da bari, rayuwa ta ci gaba, kowa yana ganin ai ana fahimtar juna. Sai ranar da aka rasa kuɗi a rumfa, ko aka zo rabon gado, ko wani ya taɓa yarinya a hanyar rafi, a tambaye ta wane ne, yaushe, me ya ce mata, sannan a gane cewa alamun gida ba su kai nan ba.

A ganina babbar kyautar da Foster ya ba kuramen Afirka ita ce ɗakin kwana da filin wasa, fiye ma da darasin allo. Abin da ya faru a ƙasar Nikaraguwa shi ya sa na faɗi haka. A 1977 an buɗe makaranta a birnin Managuwa inda aka tara yara kurame da yawa wuri guda, malamai suna fama da su a kan karanta leɓe da Sifaniyanci. A mota da tsakar makaranta kuwa yaran suka haɗa alamun gidajensu suka soma wani abu nasu. Da ƙannensu suka shigo suna ƙanana, sai suka ɗauki wannan abu suka tsara shi, suka sa masa ƙa'idar amfani da sarari. Ann Senghas da Marie Coppola sun nuna a 2001 cewa waɗanda suka shiga kafin shekara 10 su ne suka gina wannan nahawu, manya ba su kama shi sosai ba. Yara ƙanana in an haɗa su, aka bar hannunsu sake, sukan gyara ko da harshen da aka ba su a karkace. Foster yana koyarwa ne da alamu a bisa jerin kalmomin Ingilishi, amma abin da ɗalibansa ke yi da dare bayan malam ya tafi ya wuce abin da aka rubuta a allo, kuma daga irin wannan zama ne maganar hannun Gana da ta Nijeriya suka kama tasu hanya.

A 1960 ya tsallaka Nijeriya ya buɗe makaranta a Badun, daga baya aka yi ta Inugu da ta Kaduna. A Nijeriya ya yi aure a 1961 da Berta Zuther, kurma Bajamushiya wadda ya haɗu da ita a taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na Jamus a 1959. Sun haifi ƴaƴa 5, maza 4 da mace 1. Badun ta zama cibiyar aikinsa na shekaru masu yawa.

Mu mutanen ƙasashe masu amfani da Faransanci sai a shekarun 1970 ya waiwayo mu. Ya fara da Kwaddibuwa a 1974, sai Togo da Cadi a 1976, sai Sanigal da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Benin, sannan Zayar da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, da Burundi da Gabon. Ta Benin ita ce lakwal ɗin kurame ta unguwar Vedoko a Kwatano, wadda aka buɗe a 1977. Dabararsa ita ce ya zaɓo matasa daga kowace ƙasa, galibi kurame, ya kai su Badun a horar da su, su koma gida su zama mushe a sabuwar lakwal. Kurma yana koyar da kurma, abin da mutane da yawa ba su taɓa zaton zai yiwu ba. Alamun na Amurka ne, amma aka daidaita su da kalmomin Faransanci da motsin bakin Faransanci, har wani masani ɗan Japan, Nobutaka Kamei, ya ba abin suna maganar hannun Afirka mai amfani da Faransanci. Wani abin ban sha'awa shi ne ita kanta maganar hannun Amurka tana da jini da ta Faransa, domin wani kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar Hartford a 1817. Kafin rasuwarsa Foster ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13.

Akwai abin da ake kama shi da shi, kuma bai kamata a rufe ba. Afirka ba fanko ba ce lokacin da ya zo. A ƙauyen Adamorobe, wanda ba shi da nisa da Mampong, kurame suna da yawa tun kaka da kakanni, kuma ƙauyen yana da maganar hannunsa wadda har masu ji suka iya. Yaran da aka kai makaranta suka dawo da ta makaranta, ta gida ta soma ja da baya. Ƙasar Hausa ma tana da tata, wadda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, kurame suna koyon ta daga junansu a dandali da kasuwa, har Kano tana da Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta nuna harshe ne mai tsarinsa. Amma a makarantu irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977, alamun Amurka sun sami shiga, har wasu masu karatu suna ganin ta gida ta marasa boko ce. Wannan raini kuskure ne, kuma binciken da muka ambata shi ne hujja. Kan yaro ba ya tambayar daga wace ƙasa harshe ya fito. Yaron da ya sami maganar hannun Hausa yana da shekara 2 a wajen wani kurma maƙwabci ya fi wanda ya jira ta Amurka har ya kai shekara 10.

Wannan jira shi ne ciwonmu a nan bakin iyaka. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, kuma babu uwar da za ta sa ɗan shekara 3 a mota ta aika shi can. Kafin a yarda cewa yaro ba ya ji, an sha cewa nauyin baki ne, kawunsa ma sai da ya shekara 4 ya yi magana. Daga nan a shiga neman magani, a yi rubutu, a yi turare, a je likita, shekaru suna wucewa. Neman magani ba laifi ba ne, amma ba ya hana a ba yaro harshe a lokaci guda, kuma bincike bai nuna cewa maganar hannu tana hana mai sauran ji koyon ta baki ba. Kusan kowace babbar kasuwa tana da kuramenta manya, masu dako, masu ɗinki, masu gyaran takalmi, kuma sun san juna, suna da wurin hirarsu. Su ne malaman da ke kusa. Uban da ke jin kunyar a ga ɗansa cikinsu yana hana shi abin da kuɗi ba za su sayo masa ba bayan ya girma. Wanda kuma sankarau ya kurumtar da shi yana da shekara 8 ko 10, shi ne mai sauƙin ceto, domin jarinsa yana nan kamar na Foster, abin da yake bukata shi ne kada a cire shi daga karatu.

A shekarunsa na ƙarshe Foster yana raba lokacinsa ne tsakanin Amurka, inda yake bin majami'u yana tara kuɗi, da Afirka, inda yake zagaya makarantu yana buɗe sababbi. Gwamnatoci sun karɓi da yawa daga cikinsu sun ci gaba da gudanarwa. Tun a 1970 Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Ranar 3 ga watan Disamba na 1987 ya shiga wani ƙaramin jirgin sama da zai nufi Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, kusa da garin Gisenyi, Foster ya rasu yana da shekara 62. Berta da ƴaƴansu suka ci gaba da riƙe ƙungiyar, ita kuma ta rasu a 2018. A 2004 jami'ar Gallaudet ta sa wa wani babban zauren taronta sunan Andrew Foster.